Sabon tankin mai na ƙarfe a tsohuwar Land Cruiser

Land Cruiser samfurin 75 mai injin dizal 1HZ, wanda Toyota ta fara amfani da shi a 1990, mota ce da injinta kan fi sauran sassanta daɗewa, kuma tankin mai yana cikin abubuwan da ke fara gajiya. Tankin yana cin lita 90, yana ƙarƙashin mota inda tsakuwa da laka ke dukansa, amma tsatsar da ke kashe shi daga ciki take farawa, domin tankin da ake bari rabi babu mai yakan tara raɓa, ga kuma ruwan da ke shigowa tare da man 'yan bumburutu. Tawa motar tana zirga-zirga tsakanin Bauchi da ƙauyukan Ningi da Alkaleri, kuma da nata ya fara yoyo ta gindi, na zaɓi sabo na ƙarfe wanda ba ƙirar Toyota ba, na bar na Beljiyam da wani ɗan kasuwa ya yi min tayi a farashi mai sauƙi.

Dalilin ƙin na Beljiyam ɗin shi ne abin da muka gani da makanike ya haska cikinsa da tocila: waje an shafe shi da baƙin fenti yana sheƙi, ciki kuwa ɓawon tsatsa ne kwance a gindi. Irin wannan ɓawo shi ke toshe filta, mota ta riƙa shaƙewa a hawa, har ya kai ga lalata famfon injekta mai tura dizal cikin injin, wanda gyaransa ya fi kuɗin tanki nesa ba kusa ba. Yi wa tsohon tankin walda ma ban yarda da shi ba, domin faci a kan ƙarfen da ya riga ya ruɓe yakan buɗe ta gefe bayan ɗan lokaci.

Sabon tankin ya cancanci yabo a wurin da ya fi muhimmanci, wato cikinsa. Yana da shingayen ƙarfe da ke hana mai kaɗawa daga wannan gefe zuwa wancan, abin da mai bin hanyar burji ya fi kowa bukata, saboda idan mai ya ragu kuma mota ta karkata a kwazazzabo, bututun tsotso yakan ja iska, injin dizal kuwa da ya sha iska sai ya mutu, sai an yi famfo da hannu kafin ya tashi. Yana da bakin bututun da ke dawo da rarar mai daga injin, yana da noti a gindi na zubar da ruwa, kuma cikinsa ba a yi masa rufin zinki ba, wanda dizal ke narkarwa ya zama datti. Ramukan ɗauri sun dace da na motar ba tare da huda ko lanƙwasa ba.

Inda ya gaza shi ne kaurin ƙarfe. Da an ƙwanƙwasa shi kusa da tsohon, sai a ji bai kai shi kauri ba, don haka na sa aka yi masa farantin kariya a ƙasa. Ma'aunin man da ya zo da shi ma bai yi daidai da allurar da ke gaban direba ba, tana nuna rabi alhali tanki cike yake. Makanike ya ce, "Alhaji, mu mayar da tsohon ma'aunin, mu sa masa sabuwar roba," kuma da aka yi haka allurar ta dawo daidai. Tiyon wuya, wanda ake zuba mai ta cikinsa, da na numfashi, wanda iska ke bi, ba sa cikin kwalin sabon tankin, sai da na saya daban, domin tsofaffin sun bushe sun tsattsage.