Kyamarar tana gani a duhu, amma 50i ya ja min magana

Wata huɗu ke nan da na sayi kyamarar nan ta hannu, irin ta kafaɗa mai ɗaukar hoto mai layi 1080 a kan katin memori, wadda yawancinmu masu ɗaukar biki a Kano muka sani. A bukukuwan rana ban ga abin kushewa a jikinta ba. Dare ɗaya ne ya sa na zauna rubuta wannan, daren da aka ɗauke ni aikin wasan wani mawaƙi a ɗakin taro.

Ranar da na saya, mai shagon ya ce min, "Malam, in dai aikin dare ne ka bar ta a 50i, kada ka taɓa. A nan ƙarfin ganinta yake." 50i ɗin nan ɗaya ne daga cikin saitin ɗaukar hoto na kyamarar. Na riƙe maganarsa. A daren wasan, da muka isa bayan isha'i sai na tarar an kashe fitilun sama gaba ɗaya, saura 'yan fitilu masu launi a kan dandamali, ja da shuɗi, suna juyawa. Na fara gwada 25p, saitin da ke ɗaukar cikakken hoto sau 25 a sakan, fuskar mawaƙin ta nutse, ba ka ganin komai sai farar hularsa. Na mayar 50i ban taɓa wani abu ba, sai ga fuska ta fito, har aikin wuyan rigarsa ana gani. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Geyin, wato ƙarin hasken da kyamara ke yi wa hoto da lantarki, bai wuce 6dB ba, don haka hoton bai cika da tsakin nan mai kama da yashi ba. Daga baya na gane dalili. A 50i ba cikakken hoto take ɗauka ba, rabi-rabi take yi, layi 540 sau 50 a sakan ɗaya, kuma wajen yin kowane rabi tana haɗa hasken layuka biyu da ke maƙwabtaka. Shi ya sa take fin haske a nan. A wannan kam mai shago ya yi gaskiya.

Awa uku na yi ina ɗauka, a ɗan allon kyamara komai ras. Da safe na yanko minti ɗaya, daidai inda kiɗa ya yi zafi, na tura wa manajan mawaƙin ta WhatsApp. Ko minti goma ba a yi ba ya kira ni. "Malam, me ya sami hannun masu kalangun nan? Sai ka ce an tsaga su da wuƙa." Na buɗe a kwamfuta na tsayar da hoton, gabana ya faɗi. Hannun makaɗin ya zama haƙora-haƙora kamar mashaci, sandar kiɗan da ke hannunsa ta rabu biyu, gefen babbar rigar mawaƙin duk zara-zara. Inda mutane suka tashi liƙi ya fi muni, kowace takardar kuɗi da ke iska ta zama layi-layi. Abin da ke tsaye lafiyarsa ƙalau, abin da ya motsa ne ya tsage, kuma wasan kalangu ai motsi ne gaba ɗayansa.

Rabin farko da rabi na biyu ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, akwai ɗaya bisa hamsin na sakan a tsakaninsu. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna su bi da bi, ido ba ya kamawa. Waya da kwamfuta kuwa cikakken hoto suke nunawa, in ba a gyara ba sai su liƙa rabin biyu wuri guda, alhali hannun mai kalangu ya riga ya bar inda yake. To wa ke kallon wasa a talabijin mai ƙeya yanzu? Duk wanda ya ba ka aiki, Facebook da TikTok da YouTube yake nufi. Mutumin da ya san kayansa har ya gaya min inda haskenta yake, me zai hana ya ƙara min wannan kalma ɗaya? Har yau abin yana cina.

Wani abokin aikina mai tace hoto ne ya cece ni. Ya nuna min manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, kyauta ce, aka kunna Yadif, abin gyaran tsagewar nan da ke cikinta, a saitin Bob, wanda ke mayar da kowane rabi cikakken hoto, ka samu hoto 50 a sakan. Dare guda kwamfutata ta kwana tana yi, ga wuta an ɗauke sau biyu. Haƙoran sun tafi, motsin ya zama sumul, har ya fi yadda na zata. Sai dai kaifin hoton ya ragu, aikin wuyan rigar nan da na yi murna da shi yana dushewa duk lokacin da mawaƙin ya juya. Manajan ya karɓa, amma bayan kwana biyu, lokacin bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da wayoyinsu sun gama yawo. Bai ce komai ba, ni dai na ji kunya.

A wasa na biyu na ce na bar 50i ke nan. Na sa 25p na sauke shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane hoto, zuwa 1/25 na sakan, haske ya dawo, amma hannun makaɗa ya zama hayaƙi, in na juya kyamara kuma komai ya shafe. Na mayar 1/50, sai da na kai geyin 12dB, yashi ya cika duk inda ke da duhu. Na tura wa mai aikin a daren ba tare da fargaba ba, wannan gaskiya ne, amma da na jera su biyun a allo, na daren farko da aka wanke ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Don haka ba zan sayar da ita ba. In ɗakin na da haske ko da matsakaici ne, 25p zan sa in huta. Asabar mai zuwa ina da wani wasan a ɗakin nan mai duhu, 50i zan koma, kuma na riga na gaya wa mai aikin cewa ko sakan ɗaya ba zai gani ba sai ranar Litinin. Batirin da nake son ƙarawa kuma a wani shagon zan saya.