Makarantar koyon tuƙin tirela: abin da na biya da abin da na samu

Shekara shida na yi ina karen mota a wata DAF mai ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas. Na sa waigi, na ɗaure tamfol cikin ruwan sama, na kwana a ƙarƙashin mota a Tafa da Ogere har na daina ƙirga. In dare ya yi hanya ta miƙe, maigidana yakan miƙo mini sitiyari ya ɗan runtsa. Shi ya sa da kamfanin da nake neman aiki suka ce sai na kawo lasisi aji G, wato na manyan motoci masu jan bodi, tare da shaidar makarantar tuƙi, raina bai so ba. Ni da na kai mota har Jebba, wa zai koya mini tuƙi?

Haka dai na biya. Makarantar tana bayan garin Kano, fili ne da aka kewaye da bulo, da ɗaki ɗaya mai benci da allo. Kuɗin ya cinye abin da na tara a wata huɗu. Kafin in ba da ko sisi sai da na tabbatar tana cikin waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta yi wa rajista, don lambar da ke jikin takardar makaranta ita ake shigarwa a kwamfuta wajen neman sabon lasisi. In makaranta ba ta da rajista, takardarta ta ƙunshin ƙosai ce. A ranar farko suka duba shekaruna, don lasisin haya sai wanda ya kai 26, suka kuma tura mu asibiti gwajin ido da hawan jini da suga. Wani cikinmu a nan ya gano idonsa na hagu ya yi rauni, alhali shekara biyu yana jan tifa.

Abin da ya sa ban yi da-na-sani ba mutum ɗaya ne, malamin da ke fita da mu fili. Dattijo ne, tsohon direban tanka, kowa Baba yake ce masa. Da ya ji na yi karen mota sai ya jera durom huɗu, ya ce in shigar da bodi tsakaninsu da ribas. Na hau da ƙarfin gwiwa. Ban yi taku goma ba bodin ya karkace, kan motar ya fara naɗewa, durom ɗaya ya yi sama. Ashe duk shekarun nan gaba kawai na iya. Maigidana bai taɓa ba ni ribas ba, kullum ni ne a ƙasa ina ɗaga hannu ina cewa "zo, zo, ya isa".

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, sauko ka ga inda tayarka take." Ya nuna mini cewa a ribas, in kana son gindin bodi ya yi dama, hagu za ka fara murza sitiyari, kaɗan-kaɗan, ido a madubi biyu. In ka ga za ta naɗe, ka ja gaba ka miƙe ta, ba abin kunya ba ne. Kwana biyar ina wannan kafin na shiga ban taɓa durom ba.

Sai darasin birkin iska, wanda shi kaɗai ya isa kuɗin. Na san ana jira iska ta cika kafin a tashi, amma ban san dalili ba. Baba ya kashe inji, ya sa ni in yi ta taka birki ina sakewa, ido a kan agogon iska. Allura tana ta sauka, ƙararrawa ta fara ihu, can sai muka ji tayoyin baya sun kame da kansu. Ya ce, "Ka gani? Kowane taku iska kake zubarwa. Mai yin haka a gangaren Hawan Kibo, sai dai a yi masa addu'a." Tun kafin gangare ake sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe motar. Ya kuma koya mana buɗe tankin iska kowace safiya a zubar da ruwan da ya taru, da jan kan mota a hankali bayan an haɗa shi da bodi don a tabbatar ya kama. Na tuna sau nawa muka tashi daga Dawanau ba mu yi ko ɗaya ba, jikina ya yi sanyi.

Karatun aji kuwa, sama-sama. Wani matashi yana karanto alamomin hanya daga littafi da Turanci, rabin ajin ba sa ji. Abin da na riƙe shi ne tirela da tanka ba su wuce gudun kilomita 60 a sa'a ko a babban titi mai hannu biyu.

Inda makarantar ta gaza a fili yake. Mota ɗaya gare su, tsohuwar MAN, mu kuma mu goma sha ɗaya. Ka zo ƙarfe takwas, ka zauna a inuwar darbejiya har azahar, ka samu minti ashirin a sitiyari. A sati na uku kwamfiresa mai cika tankin iska ta lalace, muka yi kwana tara ba mota, amma rajistar zuwa ana ta cika ta kamar muna tuƙi. Ana nan kuma aka ce kowa ya kawo kuɗin gas, abin da ba a faɗa ba ranar biya. Da na yi magana, mai karɓar kuɗin ya ce, "Malam, kai ma ka san tsadar mai." Na sani, amma da sai a gaya mini tun farko.

Babban abin da ya dame ni shi ne bodin fanko ne tun daga farko har ƙarshe. Motar da ba kaya daban take da mai ɗauke da buhu 600, a birki, a kwana, a komai. Ba a fita da mu da dare ba, kuma titi sau uku kacal muka hau. Ni da sauƙi, na san nauyin kaya a jikina. Amma akwai wani yaro da ƙaramar mota kawai ya taɓa ja, shi ma takarda iri ɗaya aka ba mu. Irinsa, in ya tambaye ni, sai in ce ya yi makarantar, sannan ya bi wani direba ko na shekara ɗaya kafin ya karɓi mukulli.

Bayan nan na yi gwaji a wurin jami'an VIO masu duba motoci da gwada direbobi, na biya kuɗin lasisi, aka ɗauki hotona da zanen yatsu, aka ba ni na wucin gadi mai kwana 60. Mai niyyar zuwa irin wannan makaranta ya tambayi abu uku kafin ya zaro kuɗi: motoci nawa ne ke tashi, ɗalibai nawa ne a kan kowace, kuma gas yana cikin kuɗin ko a'a. In ta wannan filin ce, ya tambaya ko Baba yana nan, don na ji yana cewa bayan sallah zai koma gida ya huta.