Signal ko Tunnel: wanne za ka sa a tura maka?

Duk wanda ya je wurin masu tura fim a Wunti, cikin garin Bauchi, yana neman fim ɗin Koriya na ɗan sandan da ke ƙetare zamani yana farautar mai kisan mata, biyun nan za a fara nuna masa. Kowanne kashi 16 ne, kuma dukansu sun ɗebo daga kashe-kashen mata da aka yi a garin Hwaseong na Koriya ta Kudu daga 1986 zuwa 1991, waɗanda sai a 2019 gwajin DNA ya tona asirin wanda ya aikata su, Lee Choon-jae.

Tunnel, na tashar OCN a 2017, shi ne mai sauƙin bi. Ɗan sanda a 1986 ya bi makashi cikin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo bayan shekara talatin. Makashin na barin ɗige-ɗige a dunduniyar matan da ya kashe, da su ake lissafa gawa. Akwai raha nan da can, ga ƙarshe mai gamsarwa.

Signal na tvN, 2016, ya fi nauyi. Babu wanda ya bar zamaninsa. Tsohuwar oba-oba ce ke haɗa jami'in 2015 da na shekarun baya, da ƙarfe 11:23 na dare. Abin da aka gyara a baya sai ya canza yau, wani lokacin a ceci rai ɗaya a rasa wani. Shari'o'i da yawa ne, in ka tsallake kashi ɗaya ka ɓata. Hotunan zamanin baya sukan fito a miƙe, fuskoki dogaye: haka aka ɗauke su, kada ka koma ka yi wa mai tura faɗa. Ƙarshensa a buɗe yake, mai son a ɗaure masa zance ya ɗauki Tunnel.

Wajen turawa, ka ce na Koriya, domin akwai wani The Tunnel na Ingila da Faransa wanda babu ruwansa da ƙetare zamani. Ƙirga fayil 16 kafin ka biya. Buɗe na farko da na ƙarshe, ka ga ko rubutun fassara yana manne a hoton. In fayil ɗinsa daban ne, sunansa ya zama iri ɗaya da na bidiyon, a folda ɗaya, sannan VLC, manhajar kallon bidiyo, zai ɗauko shi. Mai 480p ya ishi waya. Memori na jabu kuwa yakan nuna ya karɓi komai, sai ka kai tsakiya fayil ya ƙi buɗewa.