Tayoyin ƙanƙara da aka sayar min na sa wa 406 ɗina

Motata Fijo 406 ce wagon, mai dogon baya. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai ni wurin aiki, ita ke ɗauko mana buhun masara daga Dawanau, kuma duk ƙarshen wata da ita muke zuwa Zariya gaida Hajiya. A farkon 2024 ta fara nuna gajiya. In na faɗa rami sai in ji ƙara daga baya kamar an buga tukunya, in na taka birki gabanta ya sunkuya, tayoyin gaba kuma sun cinye ta ciki. Sai na ce bari in yi mata aiki gaba ɗaya kafin zafi ya kankama: shokazoba huɗu, taya huɗu, in kuma raba ta da rim ɗinta na ƙarfe mai inci 15 in sa mata na aloy mai 16, don na daɗe ina sha'awarsu a motocin mutane.

Shokazoba dai KYB na saya, sababbi a kwali, kuma wallahi ranar da aka ɗaura su sai na ji kamar an canza min mota. Wannan lilon da bayanta ke yi in an loda mata kaya ya tafi, kwana kuma ta daina kwantawa gefe guda. A nan ban yi asarar kuɗina ba.

Wurin taya ne aljihu ya yi rauni, kun dai san yadda kuɗin sabuwar taya ya koma. Wanda ya sayar min da rim ɗin a Ƙofar Ruwa shi ya ja ni cikin shagonsa ya nuna min wasu guda huɗu 'yan tokumbo, 205/55 R16, duk iri ɗaya. Ya ce, “Yallaɓai, daga Jamus aka sauke su, sa yatsanka ka ji zurfin zanen nan. Sabuwar da ake kawowa yanzu ba ta kama ƙafar wannan ba.” Na sa yatsa, zane kam akwai shi, baƙi wuluk an goge su da mai suna sheƙi. Kuɗin huɗun bai kai na sababbi biyu ba. Na biya, aka ɗaura, aka yi balansin da alaimen, na koma gida ina ta waiwayen motar.

Sati uku na yi ina yawo da su cikin gari ba abin da na gani, sai dai wani ɗan gurnani da suke yi in na haura 80, da kuma sitiyari da ya yi laushi kamar motar na tafiya a kan katifa. Na ɗauka sabon shokazoba ne.

Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 10 ga Afrilu. Washegari muka kama hanyar Zariya, ni da maman yara, yara uku a baya, but cike da kayan Sallah da tsarabar Hajiya. Mun makara wurin fitowa, sai wajen ƙarfe ɗaya muka bar Kano, rana tsaka, irin zafin nan na Afrilu da ke haura 40, kwalta har wani ruwa-ruwa take yi a ido. Mun wuce Kura lafiya. Muna dab da Kwanar Ɗangora, ina kan 100 ko ƙasa da haka kaɗan, sai na ji sitiyari ya fara rawa a hannuna, kafin in gama tunanin mene ne sai ƙara tau! Bayan motar ya yi wani irin jefi zuwa dama. Maman yara salati kawai take yi da ƙarfi, ƙaramar 'yata ta fashe da kuka. Allah ya taimake ni ban danna birki ba, na dai cire ƙafa daga totur na riƙe sitiyari da hannu biyu har ta rage gudu da kanta na gangara gefe. Wata tirela da ke bayanmu ta wuce tana hon mai tsawo. Har yau in na tuna ratar da ke tsakaninmu da ita sai gabana ya faɗi.

Da na fito na duba, ba ƙusa ba ce, ba rami ba ne. Bayan tayar ne gaba ɗaya ya ɓare ya rabu da jikinta kamar ɓawon rogo, wayoyin ciki sun fito tsirara, guntun robar ya fasa min ledar cikin mudgad ya kuma karce fenti. Na taɓa sauran ukun, hannu ba ya iya daɗewa a kansu.

Na sa safaya muka lallaɓa zuwa wurin wani dattijo mai faci a bakin hanya. Shi ne ya buɗe min ido. Ya juya mushen tayar, ya tofa ɗan ruwa a gefenta ya goge da babban yatsa, ya ce, “Alhaji, zo ka ga.” Wani ɗan zane ne na dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a tsakiya, kusa da shi an rubuta M+S. Ya ce, “Wannan ta ƙasar sanyi ce, ba ta nan ba ce.” Ya sa farce ya danna zanen, robar ta lotsa kamar ƙosai, ya nuna min ɗaruruwan ƙananan tsagu masu lanƙwasa da ke kan kowane tudu na zanen, waɗanda ni na ɗauka alamar inganci ce. Sannan ya kai yatsa kan lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar, masu nuna lokacin da aka yi ta: 4214. Sati na 42 a shekarar 2014. Taya mai shekara tara da rabi na ɗora iyalina a kai. Na ce, “Baba, sauran ukun fa?” Ya zagaya ya duba, ya ce duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Daga baya na zauna na bi diddigin abin. A Turai mai mota yakan ajiye taya kashi biyu, ta rani da ta hunturu. Ta hunturun an haɗa robarta ne don ta zauna da laushi in sanyi ya sauko ƙasa da 7 a ma'aunin Selsiyos, ta kama hanya a kan dusar ƙanƙara. A Jamus doka ce ma a sa ta in hanya ta yi ƙanƙara. Da zarar zanenta ya ragu zuwa wajen milimita 4 sai su cire ta, don ta daina yi musu aikin da suka saye ta dominsa, alhali a idonmu zanen na nan da sauransa sosai. Ita ce ake lodowa a kwantena. Ka ɗauki robar da aka yi wa sanyi, ta tsufa a sito, ka ɗora mata mutum biyar da kaya a kan kwaltar Afrilu, me ake jira? Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun daɗe suna cewa shekara huɗu ce rayuwar taya, ina jin su a rediyo, amma ban taɓa tsugunawa na karanta gefen tayata ba sai ranar.

Bayan Sallah na koma shagon da tayoyin huɗu a but. Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne, amsar da ya ba ni ce. Ya ce ai taya da rai duk na Allah ne, ko sabuwa ma tana fashewa, wataƙila iska ce na cika mata. Na nuna masa hoton dutsen, ya ce ado ne na kamfani. Mutumin da ya kwana ya tashi cikin taya, a ce bai san wannan ba? Ya sani. Ƙarshe dai ya ce zai karɓi ukun ya ba ni rabin kuɗinsu, na ƙi, don na san gobe wani zai ɗaura wa. Na kai su wurin mai faci na unguwarmu na sa ya tsaga gefensu da wuƙa a gabana.

Na ci bashi na sayi sababbi huɗu, na rani, waɗanda aka yi a 2023, na kuma duba inda aka rubuta ƙarfin jure zafi na ga A, wato mataki mafi girma, kafin in biya. Gurnanin nan ya ɓace, sitiyari ya dawo da ƙarfinsa, da damina ta zo ma birki na kamawa yadda ya kamata.

Amma fa rim ɗin 16 da na ɗora wa rai, yanzu kam na dawo daga rakiyarsu. Tayar asali, 195/65 R15, tsayin gefenta ya kusa milimita 127, ita kuwa 205/55 R16 bai wuce 113 ba. A takarda kamar ba komai ba ne, amma a ramukan unguwarmu kowane ɗaya sai na ji shi a ƙugu, Hajiya ma da na ɗauko ta asibiti ta tambaye ni me ya sami motar. Cikin wata biyar rim ɗin gaba na dama ya lanƙwasa har iska na zurarewa. Na ƙarfe da an buga shi da guduma an wuce wurin, wannan kuwa sai da na kai wa masu gyaran aloy, kuma an ce in ya sake zai iya tsagewa. Shi ma ɗin daga shagon mutumin nan ya fito, ban san irin wahalar da ya sha kafin ya zo hannuna ba.

Ko shokazobar da na yaba, akwai abin da ya rage. Bakanike bai gaya min bushin ɗin ƙafafun baya sun mutu ba, ga shi 406 bayanta hannuwa ne da yawa, kowane da robarsa. Bayan wata biyu ƙarar ta dawo, aka sake kwancewa, na sake biyan kuɗin aiki da na alaimen a kan abin da da an yi shi rana ɗaya. Tsofaffin rim ɗina na ƙarfe suna nan jingine a bayan ɗaki ban sayar ba, tayoyin nan na cinyewa zan mayar da su.