Ofishin lauyoyin Wuse II da ya shirya wa mahaifinmu takardar wakilci mai ɗorewa

Mahaifinmu ya yi aikin injiniya a Ingila shekara talatin da ɗaya, kuma tun da ya yi ritaya yake raba shekararsa gida biyu. Idan sanyi ya sauka a can yakan taho gidansa na Gwarinpa a Abuja, sai ƙarshen watan Afrilu ya koma Manchesta, inda fanshonsa da asusunsa na banki da ƙaramin gidan da muka tashi a cikinsa suke. Abin da ya kai mu gaban lauya shi ne halin da yayansa ya shiga lokacin da ciwon mantuwa ya kama shi, har ta kai 'ya'yansa suna riƙe da hannunsa a cikin banki yana tambayarsu ko su wane ne, kuɗinsa na nan amma babu mai ikon taɓa su don a saya masa magani. Baba ya gani da idonsa, ya kira ni da ƙanwata ya ce ba ya so mu tsaya da shi irin wannan tsayuwa.

Takardar da yake nema ta dokar Ingila da Wales ce, wadda aka zartar a 2005 kan ikon hankalin mutum wajen yanke wa kansa shawara, kuma an fara amfani da irin wannan wakilci a ranar 1 ga Oktoba 2007. Mutum yana naɗa wanda ya amince da shi tun yana cikin hayyacinsa, ikon kuma ba ya faɗuwa idan hankalin ya gushe. Iri biyu ce, ɗaya ta dukiya da kuɗi, ɗaya ta lafiya da kulawa, kuma babu wadda take aiki sai an yi mata rajista a Ofishin Majiɓincin Jama'a da ke Birmingham. Wanda bai yi ta ba har ciwon ya riske shi, iyalinsa sai sun je Kotun Kariya ta can neman a naɗa masa mai kula, hanyar da ta fi tsada, ta fi daɗewa, kuma kotu ce ke da ta cewa a kan wanda za a naɗa.

Ofisoshi biyu muka fara shiga, kuma duka biyun sun ɗauka muna neman fawa of atoni, wato takardar wakilci ta yau da kullum, irin wadda dillalan filaye ke kai wa AGIS, hukumar rajistar filaye ta Abuja. A na uku, wanda ke wani bene a Wuse II, muka sami Barista wadda ta yi karatu da aiki a Ingila, ta kuma gane abin da muke nufi tun kafin na gama bayani. A watan Janairun 2024 ne. Ta ba mu kuɗin aikinta a rubuce, dunƙule, ba na awa-awa ba, ta ware kuɗin rajista daban, fam 82 kowace takarda a wancan lokacin, wato fam 164. Ta kuma gaya mana a fili cewa muna iya cike fom ɗin da kanmu ta intanet ba tare da lauya ba. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, amma wannan gaskiyar ta sa na biya da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a zama na biyu. Muna shiga sai ta dube ni ta ce, “Malam, ka yi haƙuri ka ba mu wuri, ina so in gana da Alhaji shi kaɗai.” Na ji nauyin maganar, domin ni na kawo shi, kuma a gidanmu ba a saba fitar da babban ɗa daga zancen mahaifinsa ba. Na zauna a waje kusan awa ɗaya. A mota Baba ya ba ni labari cewa ta tambaye shi ko shi ya so wannan abu ko mu muka matsa masa, ko akwai wani daga cikinmu da ba ya so ya riƙe masa kuɗi amma kunya ta hana shi faɗa, sannan ta sa ya maimaita mata da bakinsa abin da takardar za ta ba mu ikon yi, har da sayar da gida. Ya ce tun rasuwar mahaifiyarmu babu wanda ya yi masa tambaya irin wannan ya kuma jira amsa. Daga baya na fahimci cewa wannan kaɗaicin kariya ce gare shi, kuma kariya ce gare ni, domin idan wata rana wani daga dangi ya ce mun ja hannun tsoho ya sa hannu, akwai rubutaccen bayanin abin da ya faɗa ba mu wurin. Saboda wannan dalilin ne ta ba da shawarar likitan Baba na Garki ya zama mai shaidar cewa ya fahimci abin da yake yi. Doka ta yarda da ƙwararre irin likita ko lauya, ko wanda ya san mutum aƙalla shekara biyu, amma ta hana ɗan'uwa na jini da wakilin kansa.

Ta yi haƙuri da mu wajen zaɓe-zaɓen da ke cikin fom. Baba ya so a rubuta cewa ni da ƙanwata sai mun haɗu a kan komai, sai ta nuna masa cewa ina Abuja tana Manchesta, ko kuɗin wuta ba za a biya ba sai da hannu biyu, kuma idan ɗayanmu ya rasu ikon ɗayan na iya faɗuwa gaba ɗaya. Ya koma ga zaɓin da kowannenmu zai iya aiki shi kaɗai ko tare, ya kuma sa ƙaninmu a matsayin madadi. A takardar lafiya akwai shafin da ke tambaya ko ya ba wakilansa ikon amincewa ko ƙin magunguna da na'urorin da ke riƙe rai. Nan Baba ya ajiye biro ya ce sai ya yi shawara da malaminsa. Barista ta ce, “Ranka ya daɗe, wannan shafin ba a yi masa gaggawa,” ta ɗage zaman mako guda ba tare da ƙarin caji ba. Ta kuma taimaka aka rubuta burinsa a taƙaice: abincin halal, namiji ya riƙa yi masa wanka idan da hali, a riƙa tuna masa lokutan salla.

Ta yi mana gaskiya kan iyakar takardar. Ta ce an yi ta ne don Ingila da Wales, ko Sikotilan tana da nata tsarin daban, don haka kada mu sa rai bankin Abuja zai karɓe ta. Ta ƙara da cewa wakilci na yau da kullum da ake yi a nan yana faɗuwa idan hankalin wanda ya bayar ya gushe, wato a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Malamin Baba ya faɗi kusan haka ta fuskar fiƙihu, cewa mafi yawan malamai suna ganin wakilci yana warwarewa idan gushewar hankalin ta yi tsawo, daga nan al'amarin ya koma hannun alƙali.

Inda ofishin ya gaza shi ne wajen bin takardu, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Doka ta tsara jerin sa hannu: mai bayarwa da farko a gaban shaida, sai mai shaidar hankali, sai wakilai a ƙarshe. Likitan ya yi tafiya, sai akawun ofishin, da niyyar rage jira, ya tura wa ƙanwata shafinta ta buga ta sa hannu kwana biyar kafin likitan ya sa nasa. Babu wanda ya duba kwanakin kafin a rufe ambulan. Bayan mako goma sha ɗaya wasiƙa ta zo cewa an ƙi takardun duka biyu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwana goma da na yi ina kiran waya ana ce mini Barista tana kotu, alhali saura mako biyu Baba ya tashi. Da na je da kaina ta karɓi laifin ba tare da ta ɗora wa akawun ba, ofishin ya biya fam 41 na sake shigar da kowace takarda da kuɗin kai saƙo, aka sake sa hannu a jere tana tsaye a kai. Amma Baba ya ɗage tafiyarsa, kuma da ciwon da muke gudu ya zo a cikin waɗannan watanni, da babu kuɗin da zai gyara kuskuren.

An kammala rajista a watan Agusta, bayan makonni huɗun da doka ta ware don mai ƙorafi ya yi magana da sauran jiran layi. Asalin takardun suna wurin ƙanwata, ni ina riƙe da kwafin da aka tabbatar. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da fansho ko gida a Ingila zan iya nuna masa wannan ofishin, da sharaɗin ya karɓi lambar Barista kai tsaye, ya kuma karanta kowane kwanan wata da idonsa kafin a aika. Gidan Gwarinpa da asusun Baba na nan Abuja har yanzu babu takardar da ta rufe su, kuma wannan ce maganar da za mu koma mu zauna a kanta idan ya sauka a watan Nuwamba.