Gargaɗi ga Iyaye a Kaduna: Masu "Juya Sakamako" Sun Shigo Gari

Jama'a, duk wanda ɗansa ya gama sakandare a ƙasar waje, ko a makarantun nan masu koyar da manhajar Ingila, ya buɗe kunne. Akwai waɗansu mutane da ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye da kuma Facebook suna tallar cewa za su juya sakamakon yaro ya koma irin na WAEC, su ba shi takarda mai hatimi da zai shiga jami'a da ita. Damfara ce. Babu wani ɗan tsakani da doka ta ba ikon yin wannan aiki.

Sun san inda suke jefa ƙugiyarsu. Iyalai da yawa sun dawo daga Saudiyya da Dubai da Masar, wasu kuma yaƙin Sudan ne ya koro su a 2023. Uwa ta riƙe takardar ɗiyarta, an rubuta maki da kashi cikin ɗari, ko kuma IGCSE ce, jarrabawar sakandare ta manhajar Ingila, mai maki A* zuwa G, ita kuwa abin da ta sani shi ne A1 zuwa F9. Ta ji an ce sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, hankalinta ya tashi. A wannan ruɗani suke cin abinci.

Na ga irin takardar da idona a hannun wata maƙwabciyata a Unguwar Rimi. Takarda ce mai kauri, ga tambarin ƙasa a sama, ga jan hatimi a ƙasa, an ja jadawali gida biyu: a hagu makin da yarinyar ta ci, a dama abin da aka "juya" shi. Lissafi ta ci D, amma a gidan dama an rubuta C6. Babu lambar fayil, babu sunan sashen da ya bayar, sa hannun ma wani ɗan zane ne kawai babu suna a ƙarƙashinsa. Ta nuna mini saƙon muryar da mutumin ya turo mata: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, muna da mutum a ciki. Ki dai turo kafin Juma'a, don za a rufe." Kuɗin kuma a asusun wani mutum ta zuba, sau biyu, na biyun wai na "hatimin Abuja" ne. Daga ranar da ya aiko takardar a hannun ɗan acaɓa, wayarsa ba ta sake shiga ba.

Wannan D da ta koma C6 ita ce ta fi tayar mini da hankali, fiye da kuɗin. A IGCSE, C zuwa sama ake lissafawa a matsayin kiredit, a tsarin lambobi na 9 zuwa 1 kuma 4 ce ke tsaye a matsayin C. D ba ta kai ba, kuma ba wanda zai kai ta da alƙalami. Jami'a tana iya tambayar Cambridge, hukumar da ke shirya jarrabawar, kai tsaye ta ga ainihin sakamakon. In an gano, ba sunan ɗan damfarar ne a jikin takardar ba, sunan yarinyar ne. Ita za a kira gaban kwamiti, ita za a kora, ko da ta kai aji uku. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Hanyar gaskiya a buɗe take. Tantance takardun karatu na ƙasashen waje aikin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne a Abuja, tana da sashe na musamman don haka, kuma abin da take yi shi ne faɗin matsayin takarda a tsarin Najeriya, ba ƙara wa kowa maki ba. Shiga jami'a kuwa ta JAMB ake bi, ko a zauna jarrabawar UTME, ko a nemi shiga kai tsaye idan yaro yana da A Level ko difilomar IB, wato takardun da ke gaba da IGCSE. Tun 2017 ake ba da gurbi ta tsarin CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, duk gurbin da bai bayyana a can ba, babu shi. Ofishin ɗaukar ɗalibai na ABU Zariya ko na KASU zai gaya maka abin da suke karɓa ba tare da ka biya wani a bayan fage ba. Kuɗin hukumar tarayya ta Remita, shafin biyan kuɗin gwamnati, ake biya a karɓi rasit, ba a asusun wani bawan Allah ba.

A tuna kuma cewa ido ya buɗe. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Tun daga nan kowace takardar waje ana yi mata kallon tsaf.

'Yan damfarar nan suna kuma neman lambar NIN ta yaro, da hoton fasfo, da kalmar sirrin shafinsa na JAMB, wani lokacin har da ainihin takardar shaidar. Kada a bayar, don Allah. Wanda ya riƙe ainihin takarda ya riƙe maka wuya, zai yi ta tatsar ka kafin ya mayar.

Idan makin bai kai ba, a sa yaro ya sake zama. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar zama biyu a kwasa-kwasai da dama. Wanda ya riga ya biya waɗannan mutane, kada ya miƙa takardarsu a ko'ina. Ya adana saƙonnin da shaidar tura kuɗin, ya canza kalmar sirrin JAMB yau ɗin nan, ya sanar da bankinsa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Kaduna.