Mai gyaran jita na bayan tashar jirgin Agege

Duk makaɗin jita da ke yawon wasa tsakanin Arewa da Legas ya san ba dandamali ke kashe jita ba, kwanakin da ke tsakanin wasa da wasa ne. Ka tashi daga Kano cikin hunturu, inda danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, ka sauka Legas inda yakan haura kashi 80, alhali masu ƙera jita sun fi son ta zauna tsakanin 45 da 55. Katako kuwa yana shan ruwa yana amayarwa. Shi ya sa nake ganin dattijon nan mai gyara a Agege ya cancanci a yi maganarsa, har da abin da ba na so a wurinsa.

Shagon ba shi da allo. In ka sauko daga gadar Pen Cinema ka nufi bayan tashar jirgin ƙasa, masu shayin wajen duk 'yan gida ne, ka ce musu Baba mai jita kake nema. Bayarabe ne, amma Hausarsa ta Sabon Garin Kano ce tsaf. Tun da jirgin Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024 zuwa wurinsa ya yi sauƙi daga Oyingbo ko Yaba. Da can sai ka rungume akwatin jita a danfo kwandasta yana neman kuɗin kujera biyu.

Squier Stratocaster ce tawa, jita mai lantarki, da ita nake ci. Bayan wani wasa a Ikeja tsirkiyoyin suka soma zizar ƙarfe a firet (ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita) na farko zuwa na huɗu, ga wani wasan biki yana jirana a Surulere ƙarshen mako. Baba bai taɓa sukudireba ba sai da ya tambaye ni, "Malam, daga ina take, kuma ina za ta daga nan?" Na ce daga Kano, kuma bayan Legas sai Kaduna da Zariya. Ya danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe, ya kara ido wajen na takwas, ya nuna min babu ko ɗan sarari tsakanin tsirkiyar da firet. Laima ta kumbura allon yatsu, wuyan ya lanƙwashe baya. Ya sa alanki, ɗan makullin juya noti, a sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ya sassauta rubu'in zagaye kawai, ya jingine ta, ya koma kan wata rediyo da yake gyarawa. Da na yi magana sai ya ce, "Katako ba ya jin sauri, yaro."

Abin da ya bambanta shi da sauran da na sani shi ne bai saita ta don Legas kaɗai ba. Ma'aunin kamfanin Fender, mai Squier, na wannan sarari wajen milimita 0.25 ne, shi kuwa da gangan ya bar shi ƙasa da haka kaɗan, domin da zarar na koma busasshiyar iska wuyan zai ranƙwafo gaba da kansa, tsirkiyoyi su yi sama. Ya ce in na isa Kaduna kada in taɓa ta ranar, in bar ta cikin akwati ta saba da garin, sannan in yatsu suka ji nauyi in ɗaure rubu'i ɗaya, kada in ƙara. Bakin firet ɗin da hunturun bara ya fito da su suna yankar min gefen hannu, ya bi su da magagari ɗaya bayan ɗaya, ya rufe katakon da salatif don kada ya karce. Yawancin masu gyara a nan jitar coci suka saba da ita, wadda ba ta barin gari. Irin tamu mai kwana a but ɗin mota daban ce, kuma ya gane haka.

Sai maganar ƙugi. Fikof ɗin Stratocaster, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, mai naɗin waya ɗaya ne, yana kwasar gurnanin wutar lantarki, kuma wuraren bikin Legas kusan duk a kan janareta suke, galibi babu wayar ƙasa ta kirki. Ya jona jitar a wata tsohuwar amfilifaya, ya ɗora tafin hannu kan tsirkiyoyi ya ɗauke, ƙugin bai canja ba. Nan take ya ce wayar da ke haɗa gadar jitar, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai, da ƙasa ta cire. Ya buɗe murfin baya, ga ta kuwa tana lilo, tsatsa ta cinye bakin. Ya like ta da dalma, ya shimfiɗa salatif ɗin tagulla a ramin fikof. Ƙugin bai mutu gaba ɗaya ba, kuma bai yi min ƙaryar zai mutu ba; ya ce a wurin da wuta ta yi muni in tsaya a matsayi na biyu ko na huɗu na makunnin, inda fikof biyu ke kashe ƙugin juna. Ya kuma ja min kunne cewa duk ranar da leɓena ya taɓa makirufo na ji tsam hannuna yana kan tsirkiya, in ajiye jitar in kira mai sauti, wannan ba wasa ba ne.

Tsirkiya ma yana sayarwa, D'Addario da Ernie Ball, masu lambar kauri 10 zuwa 46 da 9 zuwa 42. Jabu ta cika kasuwa, shi kuwa a gabanka yake farke leda. Gumi da iskar teku suna sa sabuwar tsirkiya ta dushe da wuri a garin nan, don haka ya ce in riƙa goge su da busasshen ƙyalle kafin in rufe akwati, ko da ƙarfe uku na dare aka tashi, in kuma jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi na cikin kwalin takalmi. In na koma Arewa in cire su.

To, ga inda yake ba ni haushi. Baba bai san lokaci ba. In ya ce bayan azahar, ka lissafa la'asar sakaliya, kuma wayarsa tana cikin aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Wanda gwajin sautinsa ke Victoria Island ƙarfe biyar, ga gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 a gabansa da gosulon yamma, kada ya kuskura ya kawo jita ranar wasa. Acaɓa ma ba za ta cece ka ba, tun 2022 aka hana ta a Ikeja da Surulere da tsibirin. Shagon kuma ɗan ƙaramin ɗaki ne, benci ɗaya, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai ka jiƙe sharkaf. Ni na gwammace in tsallaka wurin mai tsire in zauna da 'yan unguwa, a nan ma na sami labarin wani ɗaki mai araha da na koma maimakon masaukin da mai shirya wasan ya kama mana, wanda ruwan famfonsa ke zuwa in ya ga dama.

Farashi ba a rubuce yake ba, sai ya gama ya dube ka ya faɗa. Duk aikin nan bai kai kuɗin saitin tsirkiya biyu ba, kuma da na nemi ragi don al'ada kawai sai ya ce, "Haba Malam, dalmar ma saye na yi." Kuɗi a hannu yake so, tiransifa sai ta asusun ɗansa, wanda ba kullum yake nan ba.

Ba ya taɓa feda, wato na'urar canja sautin jita da ake takawa da ƙafa, in mai kwamfuta a ciki ce. Tawa da ta daina kamawa ya juya ta sau ɗaya ya miƙo min, ya ce in kai ta kasuwar Alaba da ke Ojo wajen yaran da ke gyaran allon lantarki, kuma in tafi da adaftarta don su fara auna ko bolt 9 ɗin ne ba ya fita.